Uwar Ƙungiyarmu Ta Rasu Kafin a Buɗe Ajinta

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Majalisar Zartarwa ta Ƙungiyar Manyan Jami'an Hulɗa da Masu Zuba Jari, a madadin Mai Girma Shugaban Ƙungiya, Kwamitin Amintattu da ɗaukacin mambobi, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Uwar Ƙungiya, Shugabarta ta farko, Shugabar Kwamitin Horarwa, kuma tsohuwar Babbar Darakta mai kula da hulɗa da masu hannun jari, wadda manya da ƙanana a wannan sana'a suka fi sani da Anti Zo-ku-gaisa. Allah Ya karɓi rayuwarta da hantsin ranar Talata a asibiti, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba, mai gidanta da babban ɗanta suna gefen gadonta. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, jami'in hulɗa da masu zuba jari shi ne mutumin da kamfani ke tsayarwa tsakaninsa da waɗanda suka sa dukiyarsu a cikinsa, domin ya riƙa gaya musu halin da ake ciki, mai daɗi da marar daɗi. In an ci riba, shugaban kamfani ne ke tsayawa gaban 'yan jarida. In an faɗi, wayar wannan jami'i ce ba ta hutawa. Marigayiya takan ce aikinmu aikin ƙyaure ne, na ciki ya buga, na waje ya buga, kuma ba a so a ji ka yi ƙara.

Ta san abin da take faɗa, domin ta sha bugun. A lokacin da take riƙe da wannan ofishi a wani babban kamfanin ƙera kayan gini, babban injin masana'antarsu ya lalace ana dab da babban taron shekara na masu hannun jari, injiniyoyi kuma suka ce gyaran zai ɗauki watanni. Wasu daga cikin daraktoci suka ba da shawarar a yi shiru har taro ya wuce. Ita ce mafi ƙanƙanta a teburin, kuma ita kaɗai ce mace, amma ta ajiye alƙalaminta ta dubi shugaban daraktoci ta ce: "Ranka ya daɗe, in muka ɓoye musu yau, gobe ko gaskiya muka faɗa ba za su yarda ba. Ni kuwa da wannan fuskar zan sake tsayawa a gabansu." Bayan doguwar muhawara aka amince, bisa sharaɗin ita za ta faɗa da bakinta. Ta tsaya a gaban ɗakin taro cike da jama'a ta faɗa, wani dattijo ɗan fansho da ya zuba kuɗin guminsa a kamfanin ya miƙe ya zazzaga mata masifa, ba ta katse shi ba har ya gama, sannan ta amsa masa tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi, daga baya ta farfaɗo, amma waɗanda ta kunyata ba su manta ba. An ɗauke ta daga ofishinta an kai ta wani ɗaki a ƙarshen baranda, kusa da ma'ajiyar tsofaffin kujeru, ga muƙami a jikin ƙofa amma babu aiki a kan tebur. A nan ta zauna ba tare da ta kai ƙara ko ta yi ƙorafi ba, har aka samu sabon shugabanci ya nemo ta ya mayar da ita gurbinta, ta ci gaba da hawa har ta kai Babbar Darakta.

Ta sha gaya mana cewa ɗakin nan bai yi mata ciwo ba kamar wani abu dabam. A makon da take kai da kawo a ranta, ko ta yi magana ko ta yi shiru, ta duba duk garin ba ta samu mutum ɗaya mai irin aikinta da za ta kira ta nemi shawararsa ba, domin kowa yana ƙunshe a kamfaninsa yana kallon ɗan'uwansa a matsayin abokin gaba. Wannan kaɗaici shi ya haifi Ƙungiyarmu. Ta bi takwarorinta na sauran kamfanoni da waya, wasu suka ƙi ɗauka, wasu suka zaci tarko ne aka ɗana musu don a ji sirrin gidansu. Zama na farko an yi shi ne a wani ɗan ɗaki a bayan wurin cin abinci na wani otal, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a cikin bokiti, kujeru sun fi mutane yawa. A ranar ta kafa dokar da har yau ba a karya ba, cewa babu mai kawo maganar kamfaninsa da ba a riga an sanar wa duniya ba, kuma duk wanda bakinsa ya fara zamewa sai ta ƙwanƙwasa kofi da cokali. Abin da ake tattaunawa shi ne sana'ar kanta: yadda ake isar da mummunan labari ba tare da ƙari ko ragi ba, yadda babba zai ce bai sani ba amma zai bincika ba tare da jin kunya ba, da yadda ake ce wa mai gida a'a kuma a kwana a bakin aiki.

Laƙabinta ma daga waɗannan tarurruka ya samo asali. Ba ta iya ganin mutum tsaye shi kaɗai a jikin bango da kofi a hannu. Sai ta kama hannun rigarsa ta ratsa da shi cikin taro har gaban wanda take ganin zai amfane shi, ta ce su gaisa, ta bar su a nan ta tafi neman wani. Tsofaffin mambobi ba su manta ranar da ta ja wani Darakta ta kai shi gaban ƙanin matarsa ba, su kuma don kada su ba ta kunya suka yi musafaha suka tambayi juna sunaye. Da aka gaya mata daga baya, cewa ta yi ai ga dukkan alamu sun daɗe ba su gaisa ba.

Ba a ɗakin taro kaɗai zumuncinta ya tsaya ba. Mai Girma Mataimakin Shugaban Ƙungiya na yanzu ya ba mu izinin bayyana cewa a shekarar da kamfanin da yake yi wa aiki ya durƙushe, ya daina zuwa taro, ya daina ɗaukar waya, domin yana ganin wanda ba shi da ofishi ba shi da wurin zama a cikin manya. Marigayiya ta je gidansa ranar taron wata, ta gaisa da iyalinsa, ta zauna a falo ta ce ba za ta tashi ba sai ya sa takalmi. Ya sa. A motarta suka zo, kuma a wannan zaman ya haɗu da wanda daga baya ya kira shi aiki. Irinsa suna da yawa a cikinmu, wasu ma sai a wannan makon muka ji labarinsu daga bakinsu.

A 'yan shekarun nan babu abin da ya tsaya mata a rai kamar ganin dattawan sana'a suna ritaya da iliminsu a ka, ana kuma ɗora sababbi a kan manyan kujeru ba tare da wanda ya nuna musu inda ramuka suke ba. Ta dage sai Ƙungiya ta buɗe aji na musamman domin waɗanda aka yi wa ƙarin girma zuwa wannan muƙami. Ta yi ta fama da Majalisa har aka ware mata babban ɗakin da ke saman sakatariya, ta zaɓi kujeru da kanta, ta mayar da dogayen teburan da aka kawo ta ce sai masu zagaye, don kada a samu ɗan gaba da ɗan baya, ta kuma bi tsofaffin abokan aikinta gida-gida tana lallashinsu su zo su koyar.

Ana cikin wannan hidima ne autarta, likita da ke aiki a wata ƙasa mai nisa, ta haifi 'yarta ta fari. Marigayiya da mai gidanta suka shirya tafiya ganin jika, takardu suka kammala, sai ɗaya daga cikin malaman ajin ya janye, ta ɗaga tafiyar don ta nemo madadinsa. Da aka sake tsayar da rana, sai ta ce gara dai ta ga an buɗe ajin, washegari su tashi. Shugaban Ƙungiya da kansa ya roƙe ta ta tafi, ya ce abin da ya rage ba zai gagare mu ba. Ta yi dariya ta ce jaririya ba gudu take yi ba, kuma kullum tana ganinta a waya. A cikin wannan ɗaki na sama, tana duba allo da wayoyin lasifika tare da ma'aikatan sakatariya, jiri ya ɗebe ta ta faɗi. A asibiti aka gano ciwon zuciya ne. Ta farfaɗo, ta yi magana, ta tambayi ko an aika wa ɗalibai da jadawali, har likitoci suka fara zancen sallama, sai ga ajali.

Babban abin da ke sosa mana rai shi ne ba ta ga ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ba ta ga ajin da ta ɗaga tafiya dominsa ba, ba ta kuma ɗauki jikar da ta ce ba gudu take yi ba. Akwai kuma na uku da ita ba ta ma san da shi ba: Majalisa ta riga ta amince a raɗa wa ɗakin sunanta a ranar buɗewa, muka ɓoye mata don mun san in ta ji za ta hana. An rubuta allon sunan, yana nan a naɗe a ofishin Sakatare. Mun tanadi godiya mai yawa domin wannan rana, ashe ba za ta shiga kunnenta ba.

Bayan jana'iza, Majalisa ta yi zaman gaggawa ta yanke shawarar ɗage buɗe ajin har sai abin da hali ya yi, domin babu wanda ke da ƙarfin zuciyar hawa wannan bene. Da wannan saƙo tawagarmu ta je gidan marigayiya yin ta'aziyya. Mun tarar autar ta iso, jaririya a kafaɗarta, ga kuma akwatin tafiyar marigayiya a bakin ƙofar ɗakinta, ba a kwance shi ba. Shugaban Ƙungiya ya yi gaisuwa, ya bayyana shawarar da aka yanke. Mai gidanta, dattijo mai ƙarancin magana, tsohon malamin jami'a da ya sha jiran ta a mota a ƙofar sakatariya, ya saurare shi kansa a sunkuye har ya gama. Da ya ɗago sai ya ce: "Shugaba, ku buɗe ajin nan a ranar da ta sa. In ba ku buɗe ba, to tafiyar da ta fasa ta tashi a banza ke nan."

Saboda haka Majalisa ta janye shawararta. Za a buɗe ajin a ranar da marigayiya ta tsayar, a ɗakin da ta shirya, da malaman da ta nemo, kuma ana roƙon dukkan mambobi, tsoho da sabo, su halarta.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai gidan marigayiya, da 'ya'yanta, da surukanta, da 'yan'uwanta, da abokan aikinta na da da na yanzu. Muna roƙon Allah Ya gafarta mata kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa gaskiyar da ta tsaya a kai da zumuncin da ta ƙulla su zama masu cetonta. Allah Ya ba mai gidanta haƙurin rashin abokiyar zama, Ya ba 'ya'yanta dangana da haɗin kai a bayanta. Ita kuwa jikar da ta iso gidan kakarta a makare, Allah Ya raya ta, Ya albarkace ta. Za ta tashi ta san kakarta ne a bakin mutane, kuma muna shaida mata tun yanzu cewa abin da za ta ji alheri ne.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya,
a madadin Shugaba da Majalisar Zartarwa,
Ƙungiyar Manyan Jami'an Hulɗa da Masu Zuba Jari.