Gefen Akushin Munir

Umdurman, 1996

Zuwa ga Yaya Asiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan ɗanmu Munir.

Na ji alƙali ya bar miki zaɓi a kan Harisu da ya kashe shi: ƙisasi ko afuwa. Yaya, wasan da muke nunawa a masrah, gidan wasan kwaikwayo, kan sulhu ne. Uwar mamaci ta dafa kan wanda ya kashe ɗanta ta ce ta yafe, aka ci tuwon asida akushi ɗaya. Wallahi har maza kuka suke. Ki yafe, za ki ji sanyi a ranki.

Ƙaninki, Taha

Gadarif

Taha,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda ka bar mu.

To, sannu malamin sulhu! Ita uwar taku ta masrah, wa ke dafa wa baƙinta gahawar jabana? Tun da Harisu ya sari Munir da lauje a gonar riɗi a Fashaga, kan rigimar inuwar bishiya, dattawan sulhu ba su bar zaurena ba. Su sha, su ja aya, su tafi, ni in wanke finjalai. Ba wanda ya tambaye ni ko ina barci.

Shatu uwar Harisu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin tarinta. Yaron nan a tabarmata ya yi rarrafe. In an rataye shi, kukanta ta katangar nan zai shigo. In an sake shi, ta ƙofata zai riƙa wucewa. Wanne ne sanyin? Na gaji, Taha.

Ka gaida matarka Hajar.

Yayarka, Asiya

Umdurman

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki gafarce ni, na yi azarɓaɓi. Amma ran yaron yana hannunki. Me kika yanke?

Taha

Gadarif

Taha,

Gaisuwa mai yawa, na daɗe ƙwarai ban ba ka amsa ba. Na yafe. A gaban alƙali na faɗa, ya ce in ɗaga murya magatakarda bai ji ba, na maimaita. Ba wanda ya yi kuka, ana sauri a kira shari'ar wata akuya.

Da Harisu ya gama zaman kurkukun da hukuma ta yanka masa, dattawa suka ce sai an ci abinci tare, kuma a gidan mamaci. Ni na tuƙa asidar, a akushin da shi da Munir suke ci tun suna yara. Harisu ya zauna kansa a ƙasa. Ya ci gefensa, ya bar ɗaya gefen bai taɓa ba, yadda ya saba bar wa Munir.

Dattawa suka shafa fatiha suka ce halas, magana ta mutu. Ni na ɗauke akushin, rabi a cike.

Ka tambayi uwar taku ta masrah, wa take ba wa ragowar?

Wassalam,
Asiya