Itacen Wankan Jego

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Watana ya kama, don haka Malam ya sayo itacen wankan jego wajen wani baƙo a hanyar Bici. Ɗazu da hantsi na ajiye littafina zan hura wuta, sai na ga itatuwan duk tsawonsu ɗaya, da busasshiyar laka a jikinsu. Gwaggo ta yi salati ta ce, "'Yar nan, ai na rufe kabari ne!"

Malam ya ce littattafai ne suka cika min kai. Amma Yaya, tun shekaranjiya nake jin ɗumi da itacen, kuma tun ranar ɗan cikina bai motsa ba.

Ki taya ni da addu'a. Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Rabi