Ƙaro a Gindin Dutsen Gugar Baba

Malam Mai Shawara, a taimake ni don Allah, kuma a yi sauri. Ni babban mutum ne a ƙasar Tudun Wada, idan na yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun nutsu. Saboda girma ba zan faɗi sarautata ba.

Akwai wani tsohon soja a cikin talakawana, Malam Labaran, yana da dutsen guga na gawayi, mai zakara a ka, wanda ya saya a Kano da ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa. Duk unguwar shi kaɗai ke da irinsa, ko limami a nan ake goge masa rigar Juma'a. Ya tafi Doguwa duba shanunsa da ke hannun Fulani, ya kulle dutsen a akwati, ya ba 'yarsa Hauwa mabuɗi, ya ce ko ƙuda kada ya sauka a kansa.

To, yana da wani ɗa marar jin magana. Wannan yaro ya lallaɓa ya ɗauki mabuɗin, ya tsoma hular abokinsa Mudi a ruwan ƙaron da muke, wato da suke, haɗa tawadar allo da shi, ya bi ta da guga. Hula ta sandare kamar ƙoƙo, Mudi ya yi ta fama a ƙofar masallaci ta ƙi zama a kai, har ladan sai da ya juya baya yana dariya. Wallahi abin ya yi daɗi. Amma gindin dutsen ya yi baƙi ƙirin, sai danƙo. Na kankare da wuƙa, na dirza da yashin rafi, sai zane-zane da suka ƙaru. Na gwada a kan kallabin Hauwa, ya bar shaida kamar sawun jaki.

Kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya, in shiga in buɗe akwati, in fito, in koma. Hauwa ta daina yi mini magana. Ta gaya wa Inna wai za ta ce ita ta ɓata, tunda amanar a hannunta take. Da tsayuwar wata Malam Labaran zai dawo.

Malam, na gaji da ƙaryar nan. Ba ni da sarauta, akuyar gidanmu ma ba ta jin maganata. Ni ne Ubale, ɗan Malam Labaran, kuma ni na ɗauki mabuɗin.

Amsa

Ranka ya daɗe, Ubale. Tun kafin ka tona kanka na gane ka, don babban mutum ba ya aiko wasiƙa da ajami a bayan takardar sabulu.

Ajiye wuƙa da yashi, su ne suka fi ƙaron ɓarna. Ƙaro ruwa yake ji. Ka juye gawayi da toka, ka ɗora dutsen da sanyinsa a kan tsumma jiƙaƙƙe da ruwan ɗumi, ya yini a haka, kana sake ruwan. Abin da ya rage ka cuɗe shi da tankaɗaɗɗiyar toka da ruwan lemun tsami. Sannan ka sa garwashi kaɗan ya yi ɗumi, ka goga shi a kan gishiri mai laushi, ka shafa kakin zuma, ka share. Ka gwada a kan tsohon tsumma, kallabin Hauwa ya huta. Kada ka mayar da shi akwati da danshi, zai yi tsatsa.

Baƙin zai fita, amma zanen wuƙa yana nan, kuma tsohon soja zai gan shi tun bai cire takalmi ba. Na san ba mugunta ka nufa ba, wasa ne. Sai dai Hauwa ba ta yi dariyar hular Mudi ba, bai kamata ta sha faɗanta ba. Ka tari mahaifinka a zaure da dutsen a hannu, ka durƙusa ka faɗa masa da bakinka kafin ya tambaye ta. Ka wanke wa Mudi hularsa, ka ba Hauwa haƙuri yau, kada ka jira wata ya tsaya.

Allah ya dawo da Malam Labaran lafiya, ya sanyaya masa zuciya, kai kuma ya shirye ka.