Talabijin Ta Ja Mini Sunan Ɗan Caca a Gaban Surukina

Hajiya Shahida, ki taimake ni, ni da ban saba neman taimako ba. Ban gama sakandare ba, da turin baro na fara a kasuwa. Yau a nan Tamale ina da shagon walda a Kaladan, da gida na kaina a Gurugu, babu wanda ya ɗora mini bulo ko ɗaya.

Kafin azumi na sayi babbar talabijin mai intanet. Mai shagon da ya sayar mini ne ya saita ta, duk abin da ta tambaya ya danna, ni dai ina tsaye. Na gayyaci surukina Alhaji Imoru da abokansa su kalli tafsiri. Malam yana tsakiyar bayani sai ga tallar cacar ƙwallo ta cika bango, da kiɗa har da 'yan mata. Na rasa inda zan danna.

Wani a cikinsu ya ce ai irin wannan talabijin abin da maigida ke bi take nunawa. Alhaji ya miƙe, ya nemi takalminsa. Ni kuma kin san surukuta, ba zan ɗaga kai in yi masa musu ba. Zabin da na aika masa da salla ya dawo mini da su. Matata Zuhuratu kuka kawai take yi. Wallahi ban taɓa caca ba! Na sayi abu da guminna, amma kamfanin da bai san Tamale ba shi ke zaɓar abin da za a gani a falona. Har tsoro nake ko tana sauraronmu. In fasa ta ne?

Kada ki ɓoye ni kamar sauran masu rubuto miki. Ki buga sunana cikakke, kowa ya sani.

Maƙerin Gurugu

Ɗan'uwana, sannu da wannan kunya. Kada ka fasa ta. Rashin yardarka yana kan hanya, don kamfanonin nan da talla suke ci, kuma da yawa suna tattara bayanin abin da ake kallo. Amma talla ba shaida ba ce, sukan watsa ta ga duk wanda ke yankin. Mai yiwuwa ma da asusun intanet na mai shagon take aiki. Ka sa a goge komai a gabanka, a sake saitawa da naka, a karanta maka kowace tambaya kafin a danna. Tambaya ba ta rage maƙeri. Ranar da manya za su zo, ka cire ta daga intanet.

Shi ma Alhaji ka yi masa uzuri, 'yarsa yake ji wa tsoro. Tunda bakinka ba zai iya ba, ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa, ya kai bayanin tare da zabin.

Sunanka kuwa na riƙe shi, na sa maka laƙabi. In na buga shi kusa da kalmar caca, waɗanda ba su ji ba ma za su ji, su manta da musun su riƙe zargin. Mutum ɗaya kake bukata ya yarda da kai, kuma shi ya riga ya san sunanka. Allah ya daidaita tsakaninku, ya share wa Zuhuratu hawaye.

Hajiya Shahida