Gangar Baba Tana Rataye

Yamai, 9 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga maigidana, Baban Ramatou,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya Abijan, yaya baƙunta, yaya abokan kiɗanka na orkes? Mu nan unguwar Harobanda sai godiyar Allah, in ban da zafi da tsadar hatsi. Ramatou ta shiga lakwal, makarantar boko, a ajina ma aka sa ta, kuma ta fi kowa surutu. Kada ka ce a wurina ta gado.

Takardarka ta iso. Wai a watan Yuli za ku ɗauki faifai, da kalangunka a ciki! Sau uku na karanta wurin. Na tuna shekara biyun da ka yi kana kiɗa a mashayun unguwar Maourey, gaban mutanen da hankalinsu ke kan kwalba. Na tuna wata takwas da ka yi kana safa da marwa a ofisoshin Plateau kafin sojoji su sa hannu a takardarka ta fita. Wallahi na yi kuka, amma na daɗi.

Baba, mahaifinka, ya iso ranar Talata a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Garinku ya watse, rijiya ta ƙafe, dabbobi sun ƙare. Mutanenku suna nan bayan unguwa cikin bukkokin kwali. Shi kuwa bai ɗauko komai ba sai gangar noma da gular da yake kaɗa ta da ita. Na ba shi ɗakinka, na rataye gangar a bango. Lafiyarsa lau, gajiyar hanya ce kawai.

Kada ka ce za ka zo. Ka san in ka shigo, irin waccan takarda ba a samunta sau biyu. Sauran magana ba ta rubutu ba ce, ka dai gane.

Ka huta lafiya. Taka,
Halimatou

Yamai, 21 ga Mayu, 1985

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Yau gaisuwata gajeriya ce, domin ƙarya na yi maka, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Baba ba shi da lafiya. Tun ranar da ya sauka yake tari, yanzu har da jini. Na kai shi gidan likita, suka ba mu ƙwayoyi, suka ja ni gefe suka ce mu yi ta addu'a. Na ɓoye maka ne saboda faifan nan. Na ce a raina, mutumin da ya sha waccan wahala, ba ni zan janyo shi baya ba.

Ni haifaffiyar birni ce, ban san nauyin abin da na rataye a bango ba sai yanzu. Baba ya zaunar da ni ya ce kowane manomi a garinku da takensa, wanda in an kaɗa masa a gona zai ɗaga hauya ya amsa. Ya ce rabi kawai ka koya fari ya zo, gayya ta mutu, ka bar gida. Sauran suna cikin kansa, babu wanda ya sani. Kullum da hantsi sai ya tambaye ni ko motar Abijan ta shigo.

Sai dabara ta zo mini. Na aro rediyo mai kaset wurin Hajara, wadda muke koyarwa tare, na sayi pil, wato batura, sabbi, na ajiye a gabansa. Na ce ya kaɗa, in aika maka. Ka san me ya ce? Wai ba a kaɗa gangar noma a kan busasshiyar ƙasa. Wai wanda ya yi haka ya kira mutane zuwa gonar da babu, ya yi musu izgili da yunwarsu. Na ce to ya buga a ƙwarya. Ya ce shi ba mai kiɗan biki ba ne. Kwana goma ina lallashi, har durƙusawa na yi. Haba! Mutum yana tofar da jini yana jiran hadari? Kogin da ya raba mu da birni ma ya janye, mutane da ƙafa suke tsallakawa kasuwa.

Ga kuma Kawu Amadou, ƙanen Baba. Ya ce al'adar gidanku ita ce ɗa ya karɓi gula daga hannun uba. In uba ya rasu ba a karɓa ba, a farke fatar gangar da wuƙa, kiɗa ya ƙare a gidan.

Gaba kura, baya sayaki. Ka yafe mini, ka ba ni amsa da sauri.

Matarka,
Halimatou

Yamai, 30 ga Yuni, 1985

Maigidana,

Salamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka a zaune, cikin mutane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Baba rasuwa ranar Alhamis da azahar, an yi masa sutura nan Harobanda. Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri.

Amsarka ta iso ana saura kwana huɗu ya rasu. Da na buɗe na ga amsar takardata ta farko ce, ta biyun ba ta kai gare ka ba tukuna. Kana murna Baba yana lafiya, kana cewa a gaishe shi, za ka aiko masa da faifai. Na karanta masa. Ya yi murmushi, ya ce Allah ya yi maka albarka, ya juya fuska bango.

Ranar Talata da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina cikin tara bokitai sai na ji Baba yana kirana da muryar da na daɗe ban ji ba, wai in sauko masa da ganga. Mutumin da sai an tallafe shi yake tashi, shi ya fito ƙofar gida da ƙafarsa.

Rediyon fa? Na mayar wa Hajara mako guda kafin nan. Ba ita ta tambaya ba. Ka san ni da zuciya. Haushin taurin kan Baba ne ya sa na naɗe abin a zane na kai mata, har ina cewa tunda ba za a kaɗa ba, kada ya yi ƙura a banza. Gidanta kuma yana ƙetaren gada. Da na sani ƙeya ce.

Ya kaɗa, Baban Ramatou. Mutanenku suka fito daga bukkoki cikin ruwa, wasu ba takalmi. In ya buga take, sai ka ga dattijo ya ɗaga hannu sama babu hauya, yana amsawa yana kuka. Wani taken kuma in ya buga sai shiru, mai shi ya mutu a hanya. Ya ɗan jira, ya wuce na gaba. Ni ina tsaye ina ƙoƙarin riƙewa a kaina, amma kan da ya saba da alli ina zai riƙe kiɗa?

Daga ƙarshe ya buga wani sau uku. Kawu ya ce mini naka ne, wanda ya yi maka ranar sunanka. Ka gafarce ni, yau zan rubuta sunanka: Harouna ya kira, sau uku, ba wanda ya amsa. Sai ya miƙa gular gaba, yana duban hanya. Ban iya jurewa ba. Na durƙusa na karɓa, na ce ajiyarka ce.

Kawu ya ce mace ba ta karɓar gula. Bayan jana'iza ya zo da wuƙarsa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai ya fara da ni. Dattawa suka shiga tsakani, aka yanke cewa za a jira ka har sadakar arba'in, ranar shida ga Agusta.

Jiya aka fara kwashe mutanenku a kamiyon soja zuwa gida, kowa da ɗan irin shuka. Bana ba kiɗa za su yi noma. Sauran taken da ba ka koya ba sun bi Baba, kuma ƙaryata da zuciyata ne suka jawo. Naka kaɗai na riƙe, shi ma ban tabbata daidai ne ba.

In ka zo, wataƙila ka bar Abijan ke nan har abada. In ba ka zo ba, za a farke gangar. Wannan karon ban ɓoye maka komai ba, kuma ba zan zaɓa maka ba. Gular tana ƙarƙashin matashina. Ba a aika ta ta fosta kamar takarda, sai hannu da hannu.

Ramatou tana gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka mai neman gafararka,
Halimatou