Tutar Sifili

Chiayi, 3 ga Maris

Malam Liao,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida. Tseng Pei-ju ce, ɗalibarka da ka ɗauka aiki a sashen tafinta, manhajar nan da ke juya rubutunmu zuwa umarnin da ƙwaƙwalwar na'ura ke ji. Na faɗa ne ko ka manta.

Jiya na ga sanarwar kamfani, an gyara abin nan. In ƙwaƙwalwar ta gusar da lamba hagu ko dama, da kanta take ɗaga tuta, wato alama, in sakamakon sifili ne, amma tafintanmu sai ya ƙara umarni ya sake tambaya. Umarni ɗaya a banza, sau miliyoyi cikin daƙiƙa. Cire shi ne gyaran da na kawo maka shekara shida da suka wuce, ka ƙi shi. Yanzu sunan Hsu Chien-hung ne a kai. Ina neman bayani.

Ka huta lafiya,
Pei-ju

Hsinchu, 11 ga Maris

Pei-ju,

Na ji daɗin ganin rubutunki. Muna lafiya, sai gwiwa. Kin san in gusawar ba ta matsar da komai ba, tuta ba ta motsi, tsohon labari take bayarwa. Naki gyaran bai kula da wannan ba, na Chien-hung ya kula. Kada ki riƙe abin a rai. Ki gaida mahaifiyarki.

Malaminki,
Liao Wen-hsiung

Chiayi, 14 ga Maris

Malam,

Ina gaisuwa. Duba takardar gyarana, shafi na biyu, layi na tara, a nan na kula da wannan. Ga kwafi nan, na ja layi da jan biro.

Ni ban manta ranar ba. Ka ɗaga takardata gaban mutum goma sha huɗu ka ce, "Ga abin da ake samu in gaggawa ta fi ilimi." Manaja Fang ya ce, "Pei-ju, koma firamare, daga sifili ake fara ƙirge." Har mai kawo shayi sai da ta yi dariya. A ƙarshen shekara ni aka sallama. Duk inda na nemi aiki a Hsinchu, labarin ya riga ni isa. Yau lissafi nake koya wa 'yan sakandare a saman wani shagon babura, kuma har yanzu sai na duba amsata sau uku kafin in rubuta a allo.

Mahaifiyata ta rasu bara.

Pei-ju

Hsinchu, 2 ga Afrilu

Pei-ju,

Ina yi miki ta'aziyya, ban sani ba.

Ba sai na duba kwafin ba. Na karanta layi na tara tun a wancan lokacin, gyaranki daidai yake. Ƙwaƙwalwarmu ce ke da aibi: wani lokaci bayan gusawa tutar ƙarya take yi. Mu uku muka sani, har da Fang, kuma an riga an sayar da guda miliyan huɗu. Wancan umarnin da kika kira banza, ni na sa shi don ya rufe aibin. Da an cire shi, da asiri ya tonu. Fang ya ce, "Ka kashe maganar yadda ba mai sake taso da ita." Na yi zaton kunyar mako ɗaya za ki sha. Bara aka fitar da sabuwar ƙwaƙwalwa marar aibi, sai na miƙa wa Chien-hung takardarki, ban gaya masa mai ita ba.

Ranar ashirin ga wata zan ajiye aiki, sashe zai yi mini liyafa. Ki zo, don Allah.

Malaminki

Chiayi, 6 ga Afrilu

Malam,

Na gode da ta'aziyya. Ba zan zo ba. Yawancin waɗanda suka yi dariyar nan za su zauna a teburinka. In an ba ka dama ka yi magana, ka gaya musu abin da ka gaya mini. Ba na neman aiki, ba na neman sunana a sanarwa. Wannan kawai.

Pei-ju

Hsinchu, 21 ga Afrilu

Pei-ju,

Ina gaisuwa. An yi liyafa, mutane sun cika. Fang ya zauna a damana, jikokina a hagu. Na miƙe da wasiƙarki a aljihu, na yi magana minti goma.

Na gode wa kowa, na zauna.

Liao