Rasuwar Bai Zdravko, Mawaƙin da Muka Kora

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Mawaƙan Gargajiya ta Tsaunukan Rodopi ta samu labarin rasuwar fasihin mawaƙi, dattijo Bai Zdravko Pehlivanov, wanda ya cika ranar Talata a garin Smolyan yana da shekara tamanin da ɗaya.

Marigayin ya tashi da waƙoƙin makiyaya a bakinsa, kuma tun yana saurayi ya ji kiɗan jaz a rediyo, ya kamu da sonsa. Daga nan ya riƙa tsara waƙoƙinsa da jita, yana jan baiti inda kakanninmu suka yanke, yana barin mai busa ya yi yawonsa ya dawo, har ya zama bai taɓa rera waƙa ɗaya iri ɗaya sau biyu ba. In an yi masa magana sai ya yi dariya, ya ce ai tunkiya ma ba ta bin sawun jiya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1979 wannan ƙungiya ta soke sunansa bisa zargin gurɓata gadon iyaye, ta kuma goge faya-fayansa goma sha huɗu da ke ɗakin ajiyarta. Shi kuma bai rubuta komai a takarda ba; yau ga shi ba mu da muryarsa ko ta minti ɗaya. Abin yana cin ranmu ƙwarai.

Mun nemi izinin busa algaitar fatar akuya a kabarinsa, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan ƙungiya, amma mai ɗakinsa, Uwargida Tsvetana, ta ce wanda aka hana wa ɗaki yana raye ba ya bukatar rakiya. Ba mu ga laifinta ba. Muna roƙon Allah ya gafarta masa, ya ba ta da 'ya'yanta juriyar wannan babban rashi.

Muna kuma roƙon duk wanda ya taɓa naɗar waƙarsa a gidan biki, ko da kaset ɗin ya tsufa, ya kai wa iyalinsa kafin a raba dafaffiyar alkama ta sadaka ranar arba'in. Kada a kawo mana. An taɓa ba mu amanar, kuma hannun da ya sa hannu a wannan takarda shi ne ya sa a waccan ta korarsa.

Lyuben Gaydarov
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya